Fitilar ɗakin haihuwa

Mu da muka taso a Zakka mun san haihuwa ba ta jiran wayewar gari. Naƙuda ta kama mace cikin dare, ungozoma ta riƙe tocila da haƙora don hannuwanta biyu na kan aiki. Shi ya sa in ana yabon ginin asibiti, ni fitilunsa nake fara dubawa.

A 2008 wata likitar mata daga Amurka, Laura Stachel, ta zo asibitin Ƙofar Gayan a Zariya tana binciken mutuwar mata wajen haihuwa. Ta tarar akwai ƙwararru, amma in aka ɗauke wuta sai tiyata ta tsaya. Mijinta, Hal Aronson, masanin lantarkin hasken rana ne. Shi ya haɗa wani akwati mai batir da farantin sola da fitilun LED. Ƙungiyarsu, We Care Solar, ta ci kyautar Zayed a fannin lafiya a 2019.

Dabarar tana wajen saka fitilar. Ƙwai ɗaya a tsakiyar silin yakan jefa inuwar ma'aikaciya daidai inda take son gani. Fitilar akwatin kuwa ana matso da ita gefen gado, kuma haskenta fari ne, ana gane yawan jinin da ya zuba da launin fatar jariri.

Ɗakunan shan magani na ƙauyukan Safana da Batsari irin wannan fitilar suke buƙata kafin fenti da allon suna.