Yadda Ake Ba Tsohuwar Kwamfuta Murya Ta Dama Da Ta Hagu

A shekarar 1977 ne kamfanin Apple na ƙasar Amurka ya fito da kwamfutar nan ta gida mai suna Apple II. Ta yi fice a zamaninta, amma ta fannin sauti ba ta da abin a zo a gani. 'Yar lasifika ɗaya ce tak a cikinta, kuma abin da ta iya shi ne ta yi ƙyas sau ɗaya duk lokacin da aka aika mata umarni. In ana son kiɗa, sai ƙwaƙwalwar na'urar ta bar sauran ayyukanta ta yi ta bugun lasifikar sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda.

To, amma wanda ya tsara ta, Steve Wozniak, ya yi hangen nesa. Ya bar gurabe takwas a cikinta inda za a iya cusa ƙarin kati, kuma kamfanin ya buga taswirar wayoyinta a littafi domin kowa ya gani. Wannan ƙofa da aka bari a buɗe ita ce ta ba wani ƙaramin kamfani, Sweet Micro Systems, damar fito da katin sauti mai suna Mockingboard a farkon shekarun 1980. Wasanni irin su Ultima III na 1983 da Ultima IV na 1985 sun yi amfani da shi. An daina ƙera Apple IIe tun 1993, amma har yau akwai masu haɗa irin wannan kati da hannunsu a gida.

Bari mu duba abin da ke jikin katin. Ginshiƙinsa shi ne wasu 'yan ƙananan kaya baƙaƙe masu ƙafafu da yawa, waɗanda masu gyaran rediyo suke kira ayisi. Biyu daga cikinsu su ne masu yin sauti, lambarsu AY-3-8910, ƙirar kamfanin General Instrument. Kowane ɗaya yana da ƙafafu 40, yana fitar da muryoyi uku a lokaci guda, har da wata ƙara mai kama da shaa wadda ake kwaikwayon ganga ko iska da ita. Ana kai sautin ɗaya lasifikar dama, na ɗayan kuma ta hagu. Wato muryoyi shida ke nan a kashi biyu, abin da ake kira sitiriyo.

Waɗannan biyun ba sa jin maganar kwamfutar kai tsaye, sai da tafinta. Saboda haka kowane ɗaya yana da nasa ayisi mai lamba 6522, wanda ke karɓar saƙo daga kwamfutar ya miƙa masa. Akwai kuma agogo a cikin 6522 ɗin, wanda ke tuna wa kwamfutar lokacin da za ta aiko da sauti na gaba. Ta haka kiɗa yake tafiya daidai alhali na'urar tana can tana wani aiki. Daga ƙarshe sai ɗan amfilifaya a kowane ɓangare domin ƙara wa sautin ƙarfi.

Mai haɗawa yakan fara da allon da aka riga aka zana wa hanyoyin wuta, mai haƙora 50 a gindinsa waɗanda za su shiga gurbin. Sai ya liƙa ƙananan kaya da dalma tukuna, kafin manya. Masu gwaninta ba sa liƙa ayisi a jikin allo, sai su liƙa masa mazauni su dasa shi a kai, domin zafi kada ya kashe shi, kuma in ya lalace a cire shi cikin sauƙi. Kowane ayisi yana da ɗan tsagi a kansa mai nuna inda zai fuskanta. Wanda ya juya shi baya ya ba shi wuta, to yana iya ƙona shi nan take.

A nan ne ake bukatar natsuwa, gama kayan nan ba na zubarwa ba ne. Kamfanin da ya fara ƙera ayisin sautin ya daɗe da bari, kuma a kasuwa akwai na jabu da aka goge aka sake wa lamba. Wasu sukan sa YM2149 na kamfanin Yamaha a madadinsa. Kafin a cusa katin, dole a gwada da mita a tabbata dalma ba ta haɗe layin wuta mai bolt 5 da na ƙasa ba. Kada kuma a kuskura a sa kati ko a cire shi kwamfutar tana kunne. Irin wutar nan da ke tartsatsi a jikin riga lokacin hunturu ma ta isa ta yi ɓarna, don haka a taɓa wani ƙarfe a sauke ta kafin a kama kayan. Galibi a gurbi na 4 ake sa katin, domin can ne yawancin wasannin suke nemansa.

Wani zai ce, mene ne amfanin wannan wahala tunda wayar hannu ma ta fi wannan na'ura sauti? Amsarmu ita ce, a kan irin wannan kati yaro zai iya bin hanyar wuta da idonsa daga ƙafa zuwa ƙafa har ya gane abin da ya sa sauti ya fito. Wayar zamani a rufe take, ba ta koya wa kowa wannan. Na'urar da ta haura shekara 40 tana samun sabon kati ne domin wanda ya ƙera ta bai ɓoye saninsa ba.

Muna da masu gyaran rediyo da amfilifaya a cikin ikkilisiyoyinmu, wasunsu sun manyanta. Manzo Bulus kansa da sana'ar ɗinkin tanti ya riƙe kansa. Muna roƙon dattawan nan su jawo matasa kusa da teburinsu, su nuna musu karatun taswira da riƙon dalma tun da sauran ƙarfi. Baiwar da Ubangiji ya ba mutum amana ce, kuma in ya tafi da ita kabari, jama'a ce ta yi hasara.