Fayafayan Garmahon Ƙauyukanmu Ba Tarkace Ba Ne

A Amurka da Ingila akwai mutanen da ke yini a shagunan tsofaffin kaya suna tonon fayafayan hip hop masu waƙa ɗaya, wani faifan ma sai an ba da kuɗi masu kauri kafin a same shi. Kiɗan kansa daga tsohon faifai ya tsiro. A 1973, a unguwar Bronx ta birnin New York, DJ Kool Herc ya riƙa ɗora fayafayai biyu iri ɗaya yana maimaita gaɓar da ganga ta fi daɗi, daga nan sabon salo ya kama duniya. Mu a ƙasar Hausa, lokacin da hip hop ya iso, kaset ya riga ya kori garmaho. Fayafayan da ya kamata mu nema su ne na su Mamman Shata, Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos, kuma a ƙauye ya fi dacewa a fara cigiya.

Karkarar arewacin Kano, daga Dawakin Tofa da Minjibir zuwa Bichi, Dambatta da Makoɗa, ƙasa ce da gida ke kusa da gida, gona ke manne da gona, kuma iyali kan shekara aru-aru a wuri guda. Fatake da 'yan ci-rani sun sha dawowa daga Kurmi ko daga kudu da kayan zamani, garmaho na cikinsu. A birni an rushe tsofaffin gidaje, an yi ta ƙaura, kaya sun watse. A ƙauye kuwa, adakar tsoho takan zauna a ƙuryar ɗaki har bayan ransa, sai ranar rabon gado a ɗauki fayafayan a miƙa wa yara su yi wasa, ko a zubar a juji.

Za a ce ai duk waƙoƙin nan suna cikin waya, a tura maka a kasuwa kan kuɗi kaɗan. Amma abin da ke yawo a memori kwafin kwafi ne, murya ta dusashe, an gutsure farko ko ƙarshe, sau da yawa ba sunan waƙar daidai. Faifai kuwa yana ɗauke da sunan mawaƙi, kamfanin da ya buga da lambarsa, abin da mai bincike ke dogara da shi. Wasu kuma za su ce waƙa shagala ce. Amma ko wanda ba ya sauraron kiɗa ya san cewa a bakin waɗannan mawaƙa aka adana sunayen sarakuna, manoma, 'yan dambe da Hausar da ta fara ɓacewa. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Ɗanmaraya a 2015, ba mai sake rera mana su.

Adanawar ba ta da wuya. A jera faifai a tsaye, a nisanta shi da rana da zafin kwano domin yana lanƙwashewa, a rufe shi daga ƙurar hunturu, a riƙe shi ta gefe. Duk wanda ya ci karo da faifai a gidansu, ya ajiye shi da kwalinsa, ya tuntuɓi gidan tarihi na Gidan Makama ko masana Hausa na Jami'ar Bayero domin a naɗe muryar kafin ta salwanta.