Rediyon jirgin sama ma yana da burtali

Jirgin da ke wucewa bisa gonaki ba shiru yake tafiya ba. Matuƙinsa yana da rediyo, yana magana da ma'aikatan filin jirgi. A sararin Nijar, hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959, ita ke lura da wannan aiki. Rediyon yana da tashoshi da yawa, kowace da lambarta da aikinta.

Masu ƙananan jirage na kansu sukan so yin magana da juna, ko da mai jiransu a ƙasa. Wani ya tambayi labarin hazo, wani kuwa hira kawai. Sai su nemi tashar da suka ji shiru, su shiga. Amma gonar da ba kowa cikinta ba ta rasa mai ita ba.

An ware tasha 123,45 don matuƙa su taimaki juna da labari in sun yi nisa, inda muryar filin jirgi ba ta kai. A Amurka, 122,75 aka ba masu jiragen kansu. Ita kuwa 121,5, ta neman ceto ce a duniya duka.

Tasha ɗaya, mutum ɗaya ke magana. In biyu suka yi tare, sai ƙara kawai. Matuƙin da injinsa ya mutu bisa Tenere, in masu hira sun tare hanya, wa zai ji kiransa? Makiyayi ya san abin da ke faruwa in an nome burtali.