Ko Ka Sani? Na'urar da Ke Hango Ambaliya ta Bayan Gajimare

Ko ka sani, ya kai mai karatu, cewa a tsakiyar damina, sa'ad da hadari ya lulluɓe ƙasar Togo tun daga Sokode har Dapaong, akwai wani tauraron ɗan'adam da ke shawagi kimanin kilomita 700 bisa kawunanmu, wanda gajimare da duhun dare ba su zame masa hijabi ba? Sunansa Sentinel-1, hukumar sararin samaniya ta Turai ce ta harba na farkon irinsa a watan Afrilu na 2014, kuma hotunansa kyauta ne ga duk mai bukata.

Hikimar da ke cikinsa ita ce ba ya jiran hasken rana, domin na'urar rada gare shi, wadda ke aiko igiyoyin rediyo a karkace, su keta gajimare, su bugi ƙasa, sannan ta auna abin da ya komo mata. Gona da daji da tudu, saboda kaushinsu, sukan watsa igiyar ta kowace fuska, har wani kaso ya koma sama. Amma ruwan da ya kwanta lumui yakan kautar da ita gefe, kamar yadda madubi ke yi wa hasken tocila, sai wurin ya fito baƙi ƙirin a hoto. Saboda haka idan Kogin Oti ya yi toroƙo ya malale fadamun Mango da Manduri, kamar yadda ya auku a 2007, masana sukan ɗauko hoton kafin ruwa su gwama da na bayansa, duk inda sabon baƙi ya bayyana su shata shi a taswira, su miƙa wa hukumar agajin gaggawa, ta san ƙauyen da hanya ta yanke masa da inda za a tura kwalekwale.

Sai dai kuma, alhali wannan aiki abin ta'ajibi ne, bai kamata mutumin unguwar Didawure da ke Sokode ya miƙe ƙafa a kansa ba. A unguwar da gidaje suka cushe, rufin kwano yana kusan taɓa ɗan'uwansa, igiyar takan bugi ruwan da ke cikin lungu, ta faɗa wa bango, ta koma sama da ƙarfi, sai wurin da ruwa ya kai gwiwa ya fito fari fat, tamkar busasshe. Haka nan iska in ta kaɗa fuskar ruwa, hoton yakan shiga shubuha. Bugu da ƙari, tauraro guda sai bayan kwana 12 yake komowa kan tafarkinsa, rafin Kpondjo kuwa da ya ratsa Sokode yana iya cika bayan la'asar, ya shiga zauruka, ya janye kafin asuba. Irin wannan ambaliya shaidarta tana wajen mai unguwa da liman, da kuma zanen laka da ruwan ya bari a jikin katanga, wanda ma'aikatan agaji ke zuwa su auna da ma'auni.