Edita Ya Auri Edita

'Yan'uwana mata, wata yarinya cikin ɗalibaina na nan Babban Mutum ta tsare ni bayan an tashi. Wai tana son aikin jarida, amma gwaggonta ta ce mace mai rubutu a jarida ba ta samun miji, in ma ta samu ba ta zama. To, ga labarin da na ba ta.

Ida Wells baƙar fata ce ta Amurka, an haife ta cikin bauta a 1862. Ita ma malamar makaranta ce, sai aka sallame ta a 1891 don ta rubuta irin halin da makarantun baƙaƙe ke ciki. Ta koma ga jaridarta, Free Speech, a birnin Memfis. A 1892 farar fata suka kashe wani amininta da abokan kasuwancinsa biyu ba tare da shari'a ba. Ida ta yi ta tona asirin irin wannan kisa, har 'yan iska suka farfasa ofishin jaridar. Allah ya sa ta yi tafiya a lokacin.

A Shikago ta gamu da Ferdinand Barnett, lauya, wanda ya kafa tasa jaridar, Conservator, tun 1878. Matarsa ta rasu ta bar masa yara maza biyu. Da wani ne, da kishin sana'a ya hana shi kallonta, don sunanta ya fi nasa tashi nesa ba kusa ba. Shi kuwa neman aurenta ya shiga yi. Aka ɗaura a watan Yuni 1895, ta sayi jaridar daga hannunsa, ba ta ma gama amarci ba ta hau kujerar edita. Sau da yawa ma shi ke yi wa gidan girki, ku ji fa!

Amma kada in ɓoye muku, abin da wuya. Ɗanta na fari da shi ta riƙa yawon lacca yana shan nono. Da na biyu ya zo a 1897 sai ta ajiye jaridar ta zauna reno, wasu ƙawayen gwagwarmaya har suna yi mata gori. Daga baya ta ci gaba da rubutu har ta rasu a 1931.

Mu ma nan gida mun yi Hajiya Bilkisu Yusuf, matar aure, wadda ta yi editar Sunday Triumph a Kano, kana New Nigerian a Kaduna a 1987. Ta rasu a Mina a 2015, Allah ya jiƙanta.

Yarinyar ta ce in rubuta mata sunayen a takarda za ta kai wa gwaggo. Na rubuta.