Daidaita Sunayen Zaɓi a Harhaɗa Babbar Manhajar Kwamfuta: Nazarin Ɗafa-goshi da Korewa

1.0 Gabatarwa

Babbar manhaja ita ce wadda ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, kamar Linux da FreeBSD da NetBSD. Kafin a yi amfani da ita, sai an harhaɗa ta daga rubutun da masana suka tsara. A lokacin harhaɗawar ne ake zaɓar sassan da za a saka da waɗanda za a bari, kuma kowane zaɓi yana da sunansa. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa daidaita waɗannan sunaye matsala ce ta ƙirar kalma da ma'ana, musamman dangane da muhallin da ake ajiye korewa.

2.0 Korewa a Cikin Suna

A FreeBSD an daɗe ana amfani da sunaye irin su NOMAN, wato kada a saka littattafan jagora. A shekarar 2004 aka raba ɗafa-goshin korewa da saiwa, sunan ya koma NO_MAN. A shekarar 2006 kuma aka sake fasali, aka kawo ɗafa-goshi guda biyu masu kishiyantar juna: WITH_ (tare da) da WITHOUT_ (ba tare da). Ana rubuta su a fayil ɗin src.conf.

Abin lura shi ne, a wannan tsari kasancewar sunan kaɗai ake dubawa, ba amsar da aka ba shi ba. Wanda ya rubuta WITHOUT_MAN=no yana nufin kore korewa, wato a saka littattafan. Amma manhajar za ta cire su, domin ta ga sunan. Ke nan fahimtar mai magana da ta na'ura sun saɓa, kuma sakamakon shi ne a harhaɗa manhajar da ta rasa sashen da ake bukata.

3.0 Korewa a Cikin Amsa

NetBSD ta bi wata hanya dabam. Sunan yana ɗauke da ɗafa-goshin MK, amsar kuwa ita ke tabbatarwa ko korewa, misali MKMAN=no. Haka abin yake a Linux, inda tsarin Kconfig, wanda Roman Zippel ya rubuta aka shigar a 2002, yake sa wa kowane zaɓi ɗafa-goshin CONFIG_. Amsa takan zama y (a saka), ko n (a bari), ko m (a ware sashen don a ɗora shi idan an bukata).

Duk da haka, saiwar ma tana iya ɓatar da mai karatu. CONFIG_EMBEDDED ya nuna kamar ya shafi ƙananan na'urori kaɗai, alhali aikinsa buɗe zaɓuɓɓukan ƙwararru ne. Saboda haka a 2011 aka sauya shi zuwa CONFIG_EXPERT.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da ƙa'idoji uku. Na farko, ɗafa-goshi ɗaya ya tsaya a kan aiki ɗaya. Na biyu, korewa ta zauna a wuri guda, ko a suna ko a amsa. Na uku, saiwa ta bayyana ainihin aikin zaɓin. Sauya suna bayan ya yaɗu yana tilasta wa masu amfani da shi gyara fayilolinsu, don haka ya fi dacewa a tantance shi tun ranar raɗa shi.