Ashar na Turanci: Sani Daban, Furtawa Daban

A watan Janairun 2022, Shugaban Faransa Emmanuel Macron ya shaida wa jaridar Le Parisien cewa yana son ya ƙuntata wa masu ƙin allurar rigakafin korona. Da kalmar batsa ya faɗi hakan, kafofin labaran Ingilishi da dama kuma suka fassara ta da “piss off”. Duk wanda bai san nauyin wannan furuci ba, ba zai gane dalilin cece-ku-cen da ya biyo baya ba. Shi ya sa mai koyon Turanci ke buƙatar sanin ashar ɗin harshen, ko da bakinsa ba zai taɓa furta shi ba.

Asalin kalmar farko fitsari ne, amma da zarar an ɗora mata “off” sai ma'ana ta sauya. Idan Bature ya jefi mutum da furucin shi kaɗai, kora ce ta wulaƙanci, wadda ta fi “ɓace min da gani” zafi. Idan aka saka sunan mutum tsakanin kalmomin biyu, ana nufin an ɓata masa rai. “Pissed” kuwa a Landan buguwa da giya ce, a Amurka fushi. Zamani ma yana sauya nauyin kalma: “piss” tana cikin fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, amma a 1972 ɗan barkwanci George Carlin ya lissafa ta cikin kalmomi bakwai da ba a furtawa a talabijin ɗin Amurka.

Wasu za su ce bayyana wa ɗalibai irin wannan ya saɓa wa kunya da tarbiyya, kuma yaro abin da ya ji yake maimaitawa. Damuwarsu tana da tushe. Sai dai finafinai da TikTok sun riga sun kai kalmar kunnen matasa ba tare da gargaɗi ba. Ɗalibin da ya zaci ɓacin rai kawai take nufi zai iya rubuta wa malaminsa ita a jami'ar Ingila, ya zubar da mutuncinsa. Shi ya sa ƙamusun masu koyo, irin na Oxford, ke kawo ta tare da alamar gargaɗi.

Bahaushe ya san maganar da taubasai ke jifan juna da ita ba a yin ta gaban suruki. Wannan hankalin ya kamata malaman manyan azuzuwa su ɗora a kan Turanci: su faɗi ma'ana, su faɗi nauyi, su kuma ba ɗalibi tsabtatacciyar kalmar da zai yi amfani da ita a madadinta.